Tasalla da Zoben Tauraro

A ƙarshen daminar 1976 Malam Attahiru yana koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Gwandu, matarsa Tasalla kuma tana ɗinkin hula a cikin gida. Shekararsu shida da aure, da 'ya ɗaya, Jummai, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Mahaifiyar Attahiru, wadda duk unguwa ke kira Inno, tana zaune tare da su a ɗakin da ke kusa da rijiya.

Akwai wani abu a gidan da babu irinsa a garin. Madubin hangen taurari ne, farin bututu mai kaurin turmi, a kan ƙafafun ƙarfe uku. Wani malamin Attahiru a jami'a a Zariya, mutumin Indiya, shi ya ba shi aronsa da ya gama karatu. Inno ganga take ce masa, kuma ba ta yarda a ajiye shi kusa da ƙofarta.

Tasalla ta yi firamare har aji bakwai a Kalgo, garinsu, tana karanta boko sosai. Sau ɗaya mijinta ya taɓa sa ta leƙa madubin. Ya saita shi kusa da wani tauraro mai haske da malaman hisabi ke kira Nasrul Waƙi'i, ya ce ta duba da kyau. Ta ga wani ɗan zobe toka-toka, kamar hayaƙin da ya tsaya wuri ɗaya. Ya ce mata tauraro ne da ya tsufa. Idan wutarsa ta kusa ƙarewa sai ya riƙa zubar da bayansa, iskar mai zafi ta yi ta buɗewa tana zama zobe, ƙwayar tauraron ta rage a tsakiya tana hucewa. Tasalla ta ce ikon Allah, ta koma kan tuwonta.

A watan Satumba wasiƙa ta zo daga Zariya. Malamin ya rubuto cewa akwai gurbi ɗaya na ƙarin karatu a fannin taurari, kuma kwamiti zai zauna farkon Disamba. Ya ce kowa zai zo da takardu, amma shi Attahiru ya zo da aikin hannunsa. Tare da wasiƙar ya aiko fim ƙunshi uku, a cikin gwangwanayen da aka liƙe.

"Malam, mi ya raba wanga fim da wanda Yaya ke ɗaukar mutane da shi?" Tasalla ta tambaya. Yayanta Basharu mai hoto ne a Kalgo, yana da shago kusa da tasha.

Attahiru yana gugar rigarsa a lokacin. Ya ɗaga dutsen gugar ya ce ta kawo hannu kusa.

"Kin ga haske?"

"A'a. Zafi dai."

"To, kin san inda ja ya ƙare a bakan gizo. Gaba da jan nan akwai wani haske da ido ba ya kamawa. Na can nesa da ja, shi ne fatarki ta ji yanzu. Na dab da ja kuwa, shi wannan fim ke kamawa. Zoben nan yana fitar da shi. Ina da hotonsa na bara da fim na kullum. Idan na samu na wannan, sai a jera su biyu a ga inda suka bambanta."

Fim ɗin yana da wuyar sha'ani. Zafi yana kashe shi, haske ko na ramin allura yana ɓata shi. Babu wutar lantarki a unguwarsu, don haka aka kai gwangwanayen Kalgo, inda maƙwabcin Basharu mai shagon lemo yake da firij mai aiki da kananzir. Ɗaukar hoton ma ba wasa ba ce. Sai an bar bakin kyamara a buɗe kusan minti arba'in da biyar, sama kuwa juyawa take. Dole mutum ya zauna da ido ɗaya a kan wani ƙaramin madubi da ke manne a gefen babban, ya riƙe tauraro ɗaya daidai inda wasu zare biyu suka gicciye, yana murɗa kunnuwa biyu irin na rediyo, ɗaya da dama, ɗaya da hagu. Idan tauraron ya kauce, hoton ya lalace.

Attahiru ya gwada ƙunshin farko a tsakiyar Oktoba, yammaci biyar a jere, daga shigar duhu bayan magariba zuwa bayan lisha kaɗan. Tsakanin ranakun ya bar fim ɗin a cikin kyamara a ɗaki mai rufin kwano. Da Basharu ya wanke, duk ya fito kamar an shafa masa toka. Zafi ya cinye shi.

A hanyar dawowa daga Kalgo, ya wuce Dangoma kaɗan, wani jaki ya ɓallo daga gona ya shiga gaban babur ɗinsa. Wani direban akori-kura ya tsince shi ya kawo shi har gida. Ya karye a wuyan hannun dama, haƙarƙari biyu sun tsage. Maɗori ya ɗaure hannun da karare, ya ce wata biyu kada ya ɗaga ko cokali. Sunkuyawa kuwa ba ta yiwuwa, ko tari ya yi sai ya yi gumi.

Wani abokin aikinsa ya zo ya gwada riƙe tauraron. Minti goma ya yi ya tashi yana murza wuya, ya ce wannan azaba ce ba ilimi ba. Bai sake zuwa ba.

Kwana shida bayan haɗarin, da hantsi, Attahiru ya kira Tasalla ya ce ta ɗauko biro da takarda ta rubuta masa wasiƙa zuwa Zariya. Ta zauna a bakin gado tana rubuta abin da yake faɗa. Gaisuwa, godiya, labarin jaki. Da ya kai wurin da ya ce yana neman afuwa, a ba wani gurbin, sai ta ajiye biron.

"Rubuta mana."

"Ba zan rubuta ba, Malam."

Ya dube ta. Tun da suka yi aure ba ta taɓa ce masa haka ba.

"Fim biyu sun rage," in ji ta. "Kai ka san inda zoben yake, ni ba ni sani. Amma zama wuri ɗaya da ido kan zare, wanga aikina ne tun ina 'yar shekara tara. Hula ɗaya sai in yi mako uku kanta. Ka saita, in riƙe."

"Tasalla, namiji mai digiri ya kasa minti goma."

"Shi bai taɓa ɗinka hula ba."

Attahiru ya so ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana shi. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Daga baya ya ce akwai farin wata na kusan mako biyu, ba a ɗaukar hoto a cikinsa ko da hannunsa lafiya. Ta gwada a kwanakin nan da kyamara babu fim. Idan ta kai minti arba'in da biyar, sai a aika wa Basharu. Idan ba ta kai ba, za ta ƙarasa wasiƙar.

Inno ba ta ji daɗin maganar ba ko kaɗan. "Matar aure zaune tsakar gida da magariba tana leƙen sama," in ji ta. "Gobe a ce gidan Attahiru duba anka koma yi. Kuma wa zai tuƙa tuwon?"

"Zan gama shi tun la'asar, Inno," in ji Tasalla.

"Mu ci da sanyi ke nan."

Suka ci da sanyi. Yammacin farko Tasalla ta yi minti huɗu tauraron ya suɓuce mata. Hannun dama ya saba da gaggawar allura, kunnen kuwa so yake a bi shi a hankali, ba tsayawa ba sauri. Yammaci na biyu ta yi bakwai. Kujerar da ake zama a kai ta yi mata gajarta, sai ta kife tsohon turmi ta ɗora tsumma. Ta gano cewa idan ta rufe ɗaya idon da ƙarfi fuskarta gajiya take, sai ta ɗaure shi da ɗankwali. Sauro ya samu ƙafafunta, ta sa safar mijinta ta makaranta. Attahiru yana zaune gefe a kan kujera mai jingina, agogo a hannun hagu, yana faɗa mata minti biyar-biyar. Da rana kuma ta koyi sa fim a kyamara da lalube, a ƙuryar ɗaki, ƙofa toshe da tabarma da bargo, tana amfani da ƙunshin da ya lalace, har ta iya ba tare da tunani ba.

A yammaci na tara ta kai minti arba'in da takwas. Da ta tashi ƙafarta ta dama ta ƙi ɗaukarta, sai da ta dafa turmin.

"Abu ɗaya ne, Malam," in ji ta. "Tauraron na rawa. Ko ban taɓa komai ba yana karkarwa kan zaren."

"Iska ce ta sama. Duk taurari haka suke."

Ta bar maganar, don shi ne mai ilimin.

Basharu ya zo dubiya da ƙunshi na biyu a cikin filas ɗin shayi cike da ƙanƙara. Aka saka filas ɗin a randa. Ƙanƙarar kwana biyu za ta yi, ƙila uku. Kowane yammaci Tasalla ta ciro fim, ta bari ya huce daga sanyi, ta sa shi a cikin duhu, bayan an gama ta naɗe ta mayar. Sun ɗauki dogaye biyu, ran Laraba da ran Alhamis, da wani gajere na minti biyar a ƙarshen Alhamis, wanda Attahiru ya ce a yi don gwaji kawai. Ran Juma'a da sassafe ta goya Jummai ta shiga bas zuwa Kalgo.

Ɗakin wankin hoton Basharu ɗan lungu ne a bayan shagon, yana warin magani kamar ruwan tsami. Da fim ɗin ya bushe ya ɗaga shi a bakin ƙofa ya duba da gilashin ƙara girma. Sannan ya miƙa mata.

Wannan karon zafi bai taɓa shi ba. Taurarin sun fito, baƙaƙe a kan fili mai haske, yadda fim ke juya abu. Amma kowane tauraro ya baje kamar ɗigon tawada a kan tsumma, inda zoben ya kamata ya kasance kuwa wani ɗan dushi-dushi ne marar siffa.

"Hannunki ne ya motsa, ƙanwata," in ji Basharu a hankali. "Ba laifinki ba ne. Aiki ne mai wuya."

Tasalla ta sake duban fim ɗin. Ta san hannunta. Da ta kauce, da taurarin sun ja layi zuwa gefe ɗaya, haka Attahiru ya zana mata. Waɗannan bajewa suka yi ta ko'ina. Ta matsa gilashin zuwa na ukun, gajeren nan na gwaji. A nan taurarin ƙanana ne, tsaf, kamar an huda da allura.

"Yaya, dubi wanga. Hannu ɗaya ne ya riƙe su duka. Kuma wanga na ɗauke shi ne a gajiye."

"To mi ya bambanta?"

Ta zauna a kan benci tana tuno yammacin Alhamis. An kira lisha, Attahiru ya ce a yi gajere ɗaya. Ta tuna ta ji kukan gyare, ta ji muryar Inno tana lallashin Jummai daga ɗaki. Ta ji su ne domin gari ya yi tsit. Injin niƙan da ke bayan katangarsu ya mutu, mai shi ya tafi masallaci. Injin nan da rani aka kafa shi. Bara, da Attahiru ya ɗauki hotonsa mai kyau, babu shi.

Basharu ya ce ta tafi da ƙunshi na uku tun da ta zo. Ta ce a'a, shi kaɗai ya rage, ba za ta fitar da shi daga sanyi ba sai ta tabbata.

Ta koma Gwandu ran Asabar. Da la'asar sakaliya, injin yana ta bugawa, ta cika farar tasa da ruwa ta ajiye a tsakanin ƙafafun madubin, ta kira mijinta. Fuskar ruwan tana ta karkarwa, 'yan zobba suna tasowa daga gefe suna haɗuwa a tsakiya. Suka tsaya a kai har aka kira magariba injin ya tsaya. Ruwan ya kwanta lif.

"Kin faɗa mini," in ji Attahiru. "Na ce iska ce."

Inno ta fito alwala ta same su sun sa wa tasa ido. Da aka yi mata bayani ta riƙe haɓa. "Ashe shi ke sa kwanonina kuka kullum da marece. Ni har tofi nike yi."

Ɗaukar madubin zuwa bayan gari ba zai yiwu ba, don Attahiru ya yi makonni yana daidaita ƙafafunsa da arewa, kuma da hannu ɗaya ba zai iya sakewa ba. Ya tafi wurin mai injin, wani mutum mai fara'a da ake kira Abdulgani. Abdulgani ya ba shi wurin zama, ya yi masa sannu da hannu, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya nuna masa jerin ƙwarya da kwano da ke ƙofar shagon.

"Malam, daga la'asar zuwa lisha nan ne aikin yake. In na kashe, matan unguwa ba za su bar ni in kwana garin ga ba. Amma in babu niƙa, ni ma ba ni son ƙona mai a banza."

Attahiru ya dawo ya faɗa wa Tasalla. Kwanakin duhu bai fi goma suka rage ba, zoben kuma kullum ƙara gangarawa yamma yake. Tasalla ba ta fita gida-gida, ba al'adar gidan ba ce. Ta ɗebi goro biyu ta tafi ɗakin surukarta ta durƙusa.

"Inno, alfarma nike nema. Kwana uku kawai. Matan unguwa su kai niƙansu da hantsi. In ni na aika ba za su ji ba. Ke za su ji."

Inno ta dubi goron, ta dubi ƙafafun Tasalla da suka kumbura da cizon sauro duk da safar.

"Ke mi za ki samu cikin wagga wahala?"

"Na fara ne, Inno. Kuma na san yanzu ba hannuna ba ne. Ina so in ga ya fito."

Inno ta karɓi goron. Washegari da hantsi ta yafa mayafinta ta ɗauki sanda. Gida ashirin da uku ta shiga cikin kwana biyu. Ba ta yi wa kowa maganar tauraro ba. Cewa take ɗanta na da jarrabawa, ga hannu a karye, ƙarar inji da marece na hana shi. Kowa ya san jarrabawa, kowa kuma ya san bakin Inno. Aka aika wa Basharu, ya sa ƙunshi na uku a filas ɗin ya ba wani direban bas, ya iso ran Laraba da azahar.

Yammacin Laraba injin ya yi shiru tun kafin magariba, amma manoma sun cinna wa karan gona wuta a yammacin gari, hayaƙi ya rufe wajen. Ba su ko fitar da fim ba.

Ran Alhamis sama ta wanke tas. Attahiru ya saita madubin da hagu, yana cije leɓe. Tasalla ta hau turmi, ta ɗaure ido, ta kama kunnuwan. Tauraron ya zauna a kan zaren ba ko motsi, abin da ba ta taɓa gani ba sai sau ɗaya. Ta ce bismilla, Attahiru ya buɗe kyamara.

"Biyar," in ji shi. Can kuma, "Goma."

A minti na goma sha huɗu Jummai ta farka da kuka a ɗakin Inno, tana kiran uwarta. Tasalla ta ji kukan har cikin ƙirjinta, ba ta ɗaga ido ba. A minti na ashirin da ɗaya sai suka ji tarin inji, sau ɗaya, sau biyu, ya kama. Tauraron ya fara rawa.

"Rufe bakin, Malam! Faifai na nan bayanka!"

Attahiru ya tashi da sauri har ya yi nishi, ya fizgi faifan ya riƙe shi a gaban babban bututun ba tare da ya taɓa shi ba. Haske ya daina shiga fim ɗin. Ƙaramin madubin yana nan a buɗe.

"An ɓata shi," in ji shi.

"Ba a ɓata ba. Ina riƙe da shi. Kada ka sauke hannu."

Inno ta fito daga ɗaki da Jummai a kafaɗa, ba ta tambayi kowa komai ba, ta wuce zaure. Daga baya suka ji abin da ya faru. Wasu mata ne daga wata unguwa suka kawo buhun dawa, gobe suna da suna. Abdulgani bai iya korarsu ba. Inno ta shiga shagon ta zauna a kan buhun da Jummai a cinya, ta ce duk mai son niƙa ya ɗaga ta tukuna. Ta kuma yi wa matan alkawari cewa bayan lisha za a niƙa musu, ita ma za ta tsaya har a gama.

A tsakar gida kuwa Tasalla tana bin tauraro mai rawa, tana ƙoƙarin riƙe tsakiyar rawar a kan zare. Hannun hagun Attahiru ya gaji, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Minti tara suka yi a haka. Sai injin ya yi tari ya mutu.

"Jira," in ji Tasalla. "Jira. Ya kwanta. Cire."

Ya janye faifan ya zube a kujera. Ta ƙara minti ashirin da shida. Da ya rufe kyamarar ba ta iya buɗe yatsunta daga kan kunnuwan ba, sai da ya ɓamɓare su ɗaya-ɗaya da hagu.

Ran Juma'a suka so su ƙara ɗaya don tsaro. A minti na sha biyar batirin ɗan jan ƙwan da ke haska zaren ya ƙare, ta daina ganin inda za ta riƙe. Ƙanƙarar ma ta narke. Na Alhamis kaɗai suke da shi.

Ta kai shi Kalgo ran Asabar, ta ce wannan karon za ta shiga ɗakin wankin. Basharu ya toshe ƙofa, ya kashe ko jan fitilar da ya saba aiki da ita, don fim ɗin yana ganinta. Suka zauna cikin duhu, tana jin ƙarar ruwan magani yana juya shi, yana ƙirga daƙiƙu a ƙasan maƙoshi. Da ya gama ya rataye shi, ya hana ta taɓawa sai ya bushe. Ta fita ta zauna a benci tana kallon masu sauka daga mota, ba ta ganin kowa.

Basharu ne ya fara dubawa. Ya sauke gilashin, ya goge shi da bakin riga, ya sake dubawa.

"Zo ki gani."

Taurarin ƙanana ne, a zagaye. A tsakiyarsu ga zobe, bai kai ƙwayar dawa ba, gefe biyu sun fi kauri, cikinsa fili. Ba shi da ƙarfi sosai, amma ba mai ce masa wani abu ban da zobe.

Tasalla ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Yaya, ka buga shi babba. Uku. Kuma ka ba ni ruwa in sha, tun safe ban sha ba."

Attahiru ya tafi Zariya a farkon Disamba da hannu a rataye da hotuna biyu a cikin ambulan, na bara da na bana. Ya kwana huɗu. Da ya dawo ya zauna a tsakar gida, Inno da Tasalla suna gabansa, ya ba su labari. Kwamitin mutum biyar ne. Sun yi ta miƙa wa juna hotunan. Ɗaya daga cikinsu ya dubi hannunsa ya tambaye shi yadda ya riƙe madubi minti arba'in da bakwai da karaya. Ya ce ba shi ya riƙe ba, matarsa ce, shi saiti ya yi da lissafi da riƙon faifai. Ya ba su labarin injin da tasar ruwa, shugaban ya sa aka rubuta.

"To sun ba ka?" in ji Inno.

"Ba su ba ni ba, Inno. Akwai wani da ya fi ni takardu, ya daɗe yana jira. Sun ce in dawo baɗi, sunana ne na farko. Malamina kuma ya ce akwai wasu zobba biyu da yake so a ɗauka kafin lokacin, ɗaya yana fitowa gabas bayan sabuwar shekara. Ya fi wannan ƙanƙanta, zai ci fiye da awa ɗaya."

Inno ta ja tsaki ta tashi, tana cewa duk wannan yawon da ta yi ashe na baɗi ne. Har ta bar duniya ba ta taɓa leƙa madubin ba, amma ɗaya daga hotunan yana cikin kwallarta, tana nuna wa baƙi.

Tasalla ta jira Inno ta shiga ɗaki. Ta ga mijinta ya sunkuyar da kai, ta san kunya yake ji.

"Yaushe maɗori ya ce za a kwance hannun?"

"Mako uku. Amma ya ce zai daɗe bai yi ƙwari ba."

"To awa ɗaya ba ta yiwuwa kan turmi, bayana ba zai ɗauka ba. Gobe in za ka makaranta ka biya wurin kafinta, ya zo ya auna. Kujera nike so mai jingina, da wurin ɗora gwiwar hannu."

Attahiru ya ɗago ya dube ta. Ya laluba aljihu da hagu ya ciro biro, ya miƙa mata tare da bayan ambulan, ya ce ta zana yadda take so.

Sun ɗauki zobban biyu kafin damina, ɗaya ya fito da kyau, ɗaya bai fito ba. A Oktoban 1977 aka ba Attahiru gurbin, suka tashi zuwa Zariya su uku, da madubin a bayan mota, naɗe cikin katifa.